Jan ido, kumburin ido da magungunan da ke taɓa gani: tambayoyin mutanen Tawa

Waɗannan tambayoyi ne da masu jinya da iyayen yara suke yawan yi a sashen ido nan Tawa, wasu kuma a gidan suna ko a bakin masallaci da zarar an san aikin mutum. Abin da ya sa na tattara su wuri guda shi ne, idanu da dama da muke rasawa, maganin da aka ɗiga musu ba tare da an duba ba ne ya ƙarasa su. Karanta amsoshin nan ba zai ɗauke wa kowa zuwa a duba shi ba.

Idona ya yi ja. Ba Apolo ba ne kawai?

Mai yiwuwa shi ne. Apolo ƙwayar cuta ce irin ta birus, an fara ganin annobarta a Ghana a 1969. Yana zuwa gida guda ko makaranta guda, ya kama ido ɗaya ya tsallaka ɗayan, da hawaye da kwantsa da jin kamar an zuba yashi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yake wucewa da kansa. Abin da yake buƙata shi ne wanke ido da ruwa mai tsabta, wanke hannu da sabulu, kowa kuma ya riƙe tawul ɗinsa da kwallinsa.

Amma idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a daina kiransa Apolo: ciwo mai zurfi da ke sara har cikin kai, kasa buɗe ido a haske, gani ya koma dishi-dishi ko an goge kwantsar, farin ɗigo a kan baƙin ido, ko jan da ya tsaya wa ido ɗaya kwana da kwanaki alhali babu wanda ya kamu a gidan. Mai irin wannan ya zo asibiti a ranar.

Likita ya ce ina da uveyit. Wane irin ciwo ne?

Kumburi ne a cikin ƙwayar idon kanta, a shimfiɗar tsakiya mai ɗauke da jijiyoyin jini, wadda baƙin ido yake gabanta. Daga nesa ma ana gane mai shi: ya rufe ido ɗaya da gefen rawani ko mayafi, yana tafiya kai a sunkuye, don hasken rana na soka masa. Jan yakan zagaye baƙin idon, hawaye na zuba amma kwantsa ba ta da yawa. Idan kumburin a can baya yake, sai ya zo babu ja babu ciwo, mutum dai yana ganin baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo, gani yana raguwa.

Haɗarinsa shi ne, baƙin idon yakan manne da madubin da ke bayansa, ruwan ido ya kasa wucewa, daga nan sai hawan jinin ido ko yana. Shi ya sa ake ba da magani iri biyu, kortizon don kashe kumburin da atropin don buɗe ƙofar baƙin ido kada ta manne. Atropin yana sa karatu ya gagara, haske ya ƙara damu, har kwanaki bayan an daina. Wannan aikinsa ne, kada a jefar da shi a ce ya ɓata ido.

Ciwon ido na kawo, me ya haɗa ni da awon jini da hoton ƙirji?

Sau da yawa idon ne ke fara tona ciwon da ke jiki. Tarin fuka yana kawo uveyit ko mutum bai taɓa tari ba. Tunjere ma haka, kuma allurar penisilin tana warkar da shi idan an gano. Akwai toksoplasmoz da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, akwai zona, ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a gefe guda na goshi, akwai kuturta. Mai sida da garkuwar jikinsa ta yi ƙasa sosai, wata ƙwaya da ake kira CMV kan cinye masa bayan ido ba tare da ciwo ba. Wani kuma garkuwar jikinsa ce ta juya masa: saurayi mai ciwon baya da ke tashi a sandare da asuba, ko mai gyambon baki da ke tafiya yana dawowa.

Idan likita ya tambaye ka abin da ka ji nauyinsa, ka ba shi amsa tsakani da Allah. Ba wa mai tarin fuka ko tunjere kortizon kaɗai, ba tare da maganin asalin cutar ba, ƙara wa cutar ƙarfi ne. Akwai kuma da yawa da ake yi wa awon duka ba a sami komai ba, kuma suna warkewa.

Maganin da na saya a kasuwa ya wanke mini ido cikin kwana biyu. Don me kuke hana mu?

Don mun san abin da ke cikin kwalbar. Mafi yawan maganin ɗigawa da ke “aiki nan take” kortizon ne. Yana kashe ja da ƙaiƙayi ko mene ne sanadinsu, ido ya yi fari tas, mutum ya ji daɗi. Ya daina, ja ya dawo, ya sake saye. A haka wani yake shekara da kwalba a aljihu.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Na farko, hawan jinin ido. Ido yana da ruwan da yake samarwa kullum, yana fita ta wata ƴar magudana. Awon matsinsa a mai lafiya tsakanin 10 ne da 21. Kortizon yana toshe magudanar sannu a hankali, yawanci bayan ƴan makonni ana ɗigawa, a yara kuma ya fi sauri. Kusan mutum ɗaya cikin uku awonsa yana hawa, wasu ƙalilan kuma yakan hau sosai. Wannan matsi yana cin jijiyar gani kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Babu ciwo, babu ja, tunda maganin ya ɓoye jan. Gefen gani ne ke fara tafiya: mutum yana karo da ƙofa, babur ya fito masa ta gefe bai gan shi ba. Ranar da ya lura ya zo, an riga an yi ɓarna. Awon yakan sauka idan an janye maganin, amma abin da ya mutu na jijiya ba ya dawowa, ba da tabarau ba, ba da aiki ba, ko a Yamai ko a Faransa.

Na biyu, yana. Kortizon yana sa ta a bayan madubin ido, irin wadda ke sa mutum ya fi gani a inuwa, ya makance a rana ko idan fitilar mota ta haske shi. Ita ana iya cire ta da aiki, sai dai ganin ɗan shekara ashirin a layin masu yana abin takaici ne.

Na uku ya fi gaggawa. Idan jan na gyambo ne a kan baƙin ido, kortizon yana kwance wa ƙwayar cutar hanya, gyambon ya faɗaɗa ya zurfafa, wani lokaci har idon ya ɓule.

Ta yaya zan gane kwalbar da ke da kortizon?

Ka duba ƙananan rubutun jikin kwali. Idan ka ga dexaméthasone, bétaméthasone, prednisolone, hydrocortisone ko fluorométholone, shi ne. Maxidrol, Chibro-Cadron, Frakidex, Tobradex da Sterdex duk suna ɗauke da shi haɗe da maganin ƙwayoyin cuta. Magunguna ne masu kyau a hannun wanda ya duba idon. Idan ba ka karanta Faransanci, ka nuna wa mai farmasi ka tambaye shi kai tsaye. Kwalbar da ba ta da kwali, ko wadda ta wuni a rana a kan tebur ko cikin kwandon mai talla, kada ta kusanci idonka.

Amma ku ma kuna rubuta shi.

Muna rubutawa, kuma a uveyit shi ne ke ceton ido. Sai dai kafin nan an ɗiga wani ruwa mai launin ɗorawa an haska da shuɗiyar fitila an tabbatar babu gyambo, an auna matsin idon, an sa ranar dawowa. Ba a kuma yanke shi rana ɗaya, ana rage shi ne mataki-mataki, in ba haka ba kumburin ya dawo da ƙarfinsa.

Kuskure biyu muke yawan gani. Wani ya ji sauƙi ya daina tun kwana biyar. Wani kuma ya adana ordonansi, wato takardar magani, duk lokacin da ido ya yi ja ya kai ta farmasi, ko ya ara wa maƙwabci. Ordonansin ido na wannan ciwon ne a wannan lokacin kaɗai.

Yarona kullum yana murza ido, farin idon ya koma ruwan ƙasa. Kakarsa ta ce na gado ne.

Hajiya, wannan borin ido ne da ke kama yaran ƙasashe masu zafi da ƙura irin tamu, ya fi yawa a maza, yakan tsananta lokacin hunturu da bazara. Idan aka juya fatar idon ta sama za a ga ƙurarraji a jere, kwantsar kuma fara ce mai yauƙi. Ba ya yaɗuwa, saboda haka kada a hana shi makaranta. Yawanci yana lafawa idan yaro ya balaga.

Waɗannan yaran ne kortizon na kasuwa ya fi yi wa illa, don ciwon na shekaru ne kuma uwa ba ta jure ganin ɗanta yana wahala. Akwai maganin da ake iya daɗewa a kansa ba tare da wannan haɗari ba, kamar kromoglikat da olopatadin. Ba su da saurin kortizon, kromoglikat sai an yi makonni ana ɗigawa kafin a ga amfaninsa, a yi haƙuri. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi a ɗora masa, a wanke masa fuska idan ya dawo daga wasa, a kuma hana shi murzawa gwargwadon iko, don yawan murza yana lanƙwasa gaban idon. Idan ciwon ya tashi sosai likita zai ba da kortizon na ɗan lokaci yana aunawa. Duk yaron da aka riga aka daɗe ana ɗiga masa, a kawo shi awo ko da idon ya yi fari.

Ƙaiƙayin gero ya faɗa mini a ido wajen sussuka. Sai na jira ya fita da kansa?

Kada ka jira. Daga kaka zuwa ƙarshen sussuka da shiƙa muna ganin wannan daga ƙauyukan Adar, Illela, Buza, Keita. Ƙaiƙayi, karan dawa ko ƙaya suna karce baƙin ido, su bar ƙwayar naman gwari a wurin. Kwana kaɗan sai farin ɗigo ya fito. Wanda ya zo da wuri yakan tsira da ƴar hakiya. Wanda ya fara da kortizon, ko ruwan albasa, ruwan sukari, lemun tsami, nono ko garin wani ganye, shi ne ke zuwa da ido cike da mugunya. Ka wanke da ruwa mai tsabta, kada ka murza, ka nufi CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mafi kusa a ranar.

Man gyaran fata da ƙwayoyin ƙiba suna taɓa ido?

Suna taɓawa. Da yawa daga man da ake shafawa don haske suna ɗauke da kortizon mai ƙarfi, klobetazol ko betametazon, kuma fatar da ke zagaye da ido siririya ce. Ƙwayoyin ƙiba da ƴanmata ke sha gab da biki, da yawansu deksametazon ne, shi ma kortizon. Kumburin fuskar da ake murna da shi alamar illarsa ce. Yana, hawan jinin ido da tashin sukari duk suna iya biyo baya. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayoyin kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ta je a tsara mata yadda za ta rage, ta kuma faɗa wa likitan ido gaskiyar abin da take shafawa.

Ina shan maganin tarin fuka, hawayena da fitsarina sun yi ja. Idona ne zai lalace?

A'a, wannan launin rifampisin ne, ba ya cutarwa, zai tafi idan an gama. Wanda ake sa wa ido shi ne etambutol, ɗaya daga cikin huɗun da ake sha a wata biyun farko. A wasu mutane yana taɓa jijiyar gani, idanu biyu a tare, babu ciwo babu ja. Tsakiyar gani ce ke dushewa, ja da kore su rikice. Wani tela ne zai ga ya kasa raba zare, wani direba ne launin fitilar hanya ya ɓace masa. Masu ciwon ƙoda da tsofaffi sun fi shiga haɗarin. Linezolid da ake ba masu tarin da ya bijire wa magani shi ma yana yin haka.

Wanda ya ga wannan sauyi ya koma wurin da yake karɓar magani a ranar, a faɗa masa wanda za a cire. Idan an cire da wuri gani yakan dawo cikin watanni. Abin da nake roƙo shi ne kada tsoron makanta ya sa wani ya watsar da maganin gaba ɗaya. Tarin fuka yana kisa, kuma barin magani a tsakiya shi ke haifar da mai taurin kai.

An ce maganin zazzaɓin cizon sauro yana makantarwa.

Coartem na kwana uku ba ya cikin wannan magana. Klorokin, wato Nivaquine da iyayenmu suka sani, da ɗan'uwansa idroksiklorokin, suna lalata tsakiyar bayan ido idan an yi shekaru ana sha, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Masu lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juya wa mai ita, da masu ciwon gaɓoɓi da aka ɗora a kan idroksiklorokin, a duba musu ido tun farko, sannan kowace shekara idan sun kai shekara 5 suna sha. Kinin kuma idan aka zarce ƙima yana iya ɗauke gani cikin sa'o'i, da ƙarar kunne da jiri. A ɓoye shi daga yara.

Ƙanwata ta sha magani, jikinta ya fashe da ƙuraje, leɓɓanta suka saɓule, idanu suka manne. Sammu ne?

Wannan borin magani ne mai tsanani da likitoci ke kira Stevens-Johnson. Bai cika faruwa ba, amma yana kisa. Yakan zo cikin makonnin farko na fara sabon magani: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, jan ido, sai fata ta fara tashi kamar ƙuna. Magungunan da aka fi sani da shi su ne kotrimoksazol, wato Bactrim, da Fansidar, nebirapin na masu sida, Gardénal da Tégrétol na farfaɗiya, da alopurinol.

A tsayar da maganin da ake zargi, a kai ta babban asibiti nan take. Dangi su roƙi a kira mai duba ido tun ranar farko, don hankali yakan tafi ga fata da baki, a manta da ido. Idan ba a kula ba fatar ido tana mannewa da ƙwayar, hawaye su ƙafe, gashin ido ya juya ciki, kuma wannan wahala ce ta tsawon rai. Bayan ta warke a rubuta sunan maganin a karnenta na asibiti, kada ta sake shan shi ko danginsa har abada.

Kada wannan ya sa a hana yara maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, ko a hana mai ciki nata na awo, don kawai akwai Fansidar a cikinsu. Amfaninsu ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa yin bori, a faɗa wa masu rabon.

Amodari fa?

Shi ma kumburi ne, na ƙwayar cuta da ke bin hannu, tsumma da ƙudaje daga fuskar yaro zuwa ta wani. Yawan kamuwa tun ƙuruciya yana barin tabo a cikin fatar ido, da girma gashin ya juya yana gogar baƙin ido. Idan ka ga Inna da ɗan matsefin tsige gashin ido rataye a wuya, ka kai ta a duba. Aikin gyaran fatar idon ɗan ƙarami ne. Ga yara kuma akwai azitromisin ko man tetrasiklin na mako 6, da wanke fuska kullum.

Jaririna kwana uku, idanunsa sun kumbura suna zubar da mugunya.

Ki kai shi yanzu, ko da dare ne. Ciwon sanyi da jariri ke ɗauka wajen haihuwa yana iya ɓula ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Allura yake buƙata, nono da kwalli ba za su yi ba. Ke da maigidanki ma sai an yi muku magani tare.

Ni mai walda ne. Akwai maganin da ke ɗauke zafin ido nan take, abokan aikina suna ajiye shi.

Maganin kashe zafi ne da muke ɗigawa sau ɗaya kafin awo. Zafin walda yana tasowa da dare, sa'o'i bayan aiki, ya kuma warke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ke maimaita wancan maganin yana hana fatar baƙin idon warkewa, kuma tunda ba ya jin komai, ko ɓurɓushin ƙarfe ne a ciki ba zai sani ba har gyambo ya ci. Ka sha parasetamol, ka kwanta a ɗaki mai duhu, gobe a duba ko akwai ƙarfe. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, ka nemi garkuwar fuska ta ainihi.

Tunda Baba ya fara maganin hawan jinin ido numfashinsa ke sarƙewa.

A duba ko timolol ne. Yana bi ta hanci ya shiga jini, ya tayar da asma, ya rage bugun zuciya. A koma a canza masa wani, akwai su. Dattijon da ke shan tamsulozin don fitsari kuma ya faɗa kafin a yi masa aikin yana, don yana sa baƙin ido ya yi laƙwas a lokacin aiki.

Zan iya ɗiga magani da azumi?

Hukuncin na malamai ne, a tambaye su. Namu shi ne, mai uveyit ko gyambo da aka ce ya ɗiga kowace sa'a biyu, wunin da ya tsallake yana iya jawo masa asarar da ba ta gyaruwa. Idan ka ɗiga ka rufe ido, ka danne lungun idon na wajen hanci da yatsa minti biyu, maganin ba ya cika sauka maƙogwaro. Wanda nasa sau biyu ne a rana, ana iya mayar masa sahur da buɗa-baki. Ka zo a tsara tun watan Sha'aban.

Ina zan je, me zan riƙe?

Ka fara da CSI ko asibitin gunduma, su tura ka sashen ido na CHR, wato babban asibitin jihar Tawa. Abin da ya fi ƙarfin nan ana tura shi Yamai, babban asibitin ƙasa ko na Lamorde. Ka zuba duk abin da kake sha, kake ɗigawa ko kake shafawa a leda ɗaya ka taho da shi, har da kwalaben da suka ƙare, har da na gargajiya. Babu wanda zai yi maka faɗa, sanin abin da ya shiga idon yana rage mana rabin aiki. Mai ciwon sukari ya faɗa tun kafin a rubuta masa kortizon. Idan za a buɗe maka ƙofar baƙin ido don duba baya, ka zo da ɗan rakiya, don ba za ka iya tuƙa babur ba na wasu sa'o'i.

Idan an ba ka kwalba biyu, ka bar minti 5 tsakaninsu, mai man shafawa ya zo ƙarshe. Bakin kwalba kada ya taɓa ido ko yatsa. Ka rubuta ranar da ka buɗe ta a jikin kwali, bayan wata ɗaya ka jefar ko da saura.